Dokin sukuwa babu fage: Porsche 911 GT3 RS a titunan Kebbi

A gudun kilomita 285 cikin awa, iska na danne Porsche 911 GT3 RS da nauyin kilo 860. Buhu 17 ke nan na shinkafa mai kilo 50, har da ɗoriya. A gudun 200 nauyin yana saukowa kilo 409. Kamfanin ne ya fitar da waɗannan alƙaluma da ya ƙaddamar da motar a watan Agustan 2022, kuma su ne ainihin hajar da yake sayarwa, domin wannan dannawa ce ke sa tayoyi su kama kwalta a kwana. Sauran lissafin kowa zai iya yi da biro da takarda, domin dannawar iska ba ta raguwa daidai da gudu: idan gudu ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. A gudun 100, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta yarje wa ƙaramar mota a kan babban titi mai tagwayen hannu, abin da ya rage wajen buhu biyu ne. A gudun 50 na cikin gari, rabin buhu. Duk mai tunanin kawo wannan mota Birnin Kebbi ya fara riƙe wannan lissafi, kafin kyan fenti da ƙarar inji su ɗauke masa hankali.

Ba kushe motar ake yi ba. A irin aikin da aka ƙera ta dominsa, ƙalilan ne masu lambar hawa titi da ke kamo ƙafarta. A watan Oktoban 2022 Jorg Bergmeister ya zagaye tsohon filin tseren Nurburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, cikin minti 6 da sakan 49.3. Matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 180 a awa, a hanyar da take kwana bisa kwana, hawa da gangara a cikin daji. Injinta mai silinda shida ne a kwance, lita 4.0, yana bayan mota, babu turbo. Ƙarfinsa doki 525 a ma'aunin Jamus, kuma yana juyawa har sau 9,000 a minti. Giyarta mai canza kanta ce da ake kira PDK, mai hawa bakwai da kuloci biyu, tana kai motar gudun 100 cikin sakan 3.2. Nauyinta kilo 1,450, domin ƙofofi da rufi da bonet da kafaɗun gaba duk na zaren kabon ne.

Sai dai a dubi ƙanwarta, 911 GT3 ta 2021 wadda babu RS a sunanta. Inji kusan ɗaya ne, bambancin doki 15 kacal. A miƙaƙƙiyar hanya ma GT3 ce gaba: tana kai 318, ita kuwa RS tana tsayawa a 296, saboda fiffiken baya da ke danne ta shi ne kuma ke riƙe ta. A Nurburgring GT3 ta yi minti 6 da sakan 59.9. Farashin fitowarsu a Amurka dala 161,100 ne da dala 223,800. Wato mai sayen RS ya ƙara sama da dala 62,000 don ya rage sakan 10 da 'yan kai a zagayen kilomita 20, kusan dala 6,000 kowane sakan, kuma sai in hannunsa ya kai na direban da tsere ne sana'arsa. Wanda bai taɓa samun horo ba, ko an ba shi RS an ba ƙwararre GT3, ƙurar ƙwararren kawai zai sha.

Ina kuɗin ya tafi? Ya tafi wajen sarrafa iska, kuma an sadaukar da abubuwa da yawa dominta. Sauran 911 suna da lagireto a gefe da gefe cikin hancin mota, da but a tsakiya inda ake sa jaka. A RS an kwashe su, an dasa babban lagireto guda a karkace a daidai wurin but ɗin, irin na motocin tseren kamfanin. Wurin da aka samu a gefe sai aka sa faifai masu motsi da ke daidaita iskar gaba. Sakamakon haka babu but kwata-kwata. Kujerun baya ma babu, kuma idan an sa kejin ƙarfe na kariya a bayan direba, ko jakar hannu sai an cusa ta tsakanin sanduna. Iskar zafi da ta ratsa lagireto tana fita ta manyan hancina biyu a kan bonet, wasu ƙananan faifai a kan rufi kuma su karkatar da ita gefe don kada inji ya shaƙe ta a baya. Fiffiken baya ya ɗara rufin motar tsawo, abin da Porsche ba ta taɓa yi wa motar kasuwa ba kafin wannan, kuma rabinsa na sama yana motsi. Akwai maɓalli a sitiyari da ke kwantar da shi a miƙaƙƙiyar hanya, idan kuma aka taka birki da ƙarfi daga babban gudu sai ya miƙe tsaye ya tare iska. Hatta hannayen ƙafar gaba an sassaƙa su da siffar ɗigon ruwa, suna ƙara dannawar kusan kilo 40 a ƙarshen gudu.

A kan sitiyarin akwai 'yan makunnai huɗu masu juyawa. Da su direba ke saita taurin shokozoba, na gaba daban na baya daban, lotsawa daban dawowa daban, da yadda tayoyin baya ke kulle da juna a shiga kwana da fita, da iyakar santsin da kwamfuta za ta ƙyale. Wannan kaya ne na mai zagaya kwana ɗaya sau talatin a yini, yana canza abu guda yana duban agogo. A hanyar Kalgo zuwa Jega babu abin da zai gaya wa direba ko saitinsa ya gyara ko ya ɓata, illa ciwon baya.

Tambayar farko ke nan: ina fagen? Babu filin tseren kwalta a Kebbi, babu a Zamfara, babu a Sakkwato. Gangamin motoci da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu tafiya ce ta kan hanyar jama'a, kuma motar da ta dace da shi mai tsawon ƙafa ce. Fili mai suna a nahiyar nan shi ne Kyalami, kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu. Wasu za su ce ai hanyar Argungu akwai miƙe, ko kuma a jira sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da ta ratsa jihar. Hanyar jama'a ba ta zama filin tsere don ta yi santsi. A gudun 200 mota na cin mita 55 a kowane sakan. Kafin ƙafa ta bar totur ta taka birki an ci wannan, sannan birkin kansa, komai kyansa, yana neman sama da mita 100. Filin ƙwallo ɗaya da rabi ke nan. Garken shanu, raƙumi da kaya, amalanke, ɗan kabu-kabu da ya fito daga gona da fasinja uku, shinkafar da aka shanya a gefen kwalta bayan girbi: babu ɗayansu da ke ba da sanarwar mita 150. A filin tsere kowa hanya ɗaya ya nufa, akwai filin tsakuwa da ke tare wanda ya kauce, akwai masu tuta da motar asibiti. Wanda ya gwada iyakar RS tsakanin Birnin Kebbi da Ambursa ba ransa kaɗai ya sa a caca ba.

Sai mai, kuma a nan ne hasarar ke shigowa ba tare da an ji ƙararta ba. Injin yana matse haɗin iska da fetur ninki 13.3, alhali na yawancin ƙananan motocin da ke yawo a gari bai wuce 10 da wani abu ba. Inji mai irin wannan matsi fetur mai oktan 98 yake so, a ma'aunin RON; oktan shi ne juriyar fetur ga matsi ba tare da ya kama da kansa ba. Na gidajen manmu ma'auninsa wajen 91 ne, kuma famfo ɗaya ne ga kowa, babu zaɓin mai daraja ta sama kamar a Turai ko Dubai. Idan oktan ya gaza, haɗin yakan kama da kansa kafin lokacinsa ya daki kan fistin. Akwai na'urori a jikin inji da ke jin wannan bugu, sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare shi. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ma ba zai ji komai ba. Abin da ke faruwa a ciki shi ne ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi, shan mai ya ƙaru. Gyaran da kwamfuta ke iya yi kuma yana da iyaka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, iskar da inji ke shaƙa ta riga ta yi zafi, kuma iska mai zafi tana ƙara saurin wannan bugu. Fetur mai oktan 91, rana tsaka a bazara, inji a juyi 9,000: wanda ya haɗa waɗannan uku yana neman fistin da ya ƙone ne.

Dabarun da ake yi duk da aibinsu. 'Yan kwalaben ƙara oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota, da yawansu "maki" ɗaya da suka rubuta yana nufin 0.1 ne, ba 1 ba, don haka kwalba guda a tankin lita 64 ba ta kai 91 ko kusa da 98. Masu ƙarfin cikinsu kuma galibi da sinadarin ƙarfe ake haɗa su, wanda ke barin jan datti a kan fulogi ya toshe matatar hayaƙi a hankali. Man ƙananan jiragen sama mai lamba 100LL oktan ɗinsa ya isa, amma akwai dalma a ciki, kuma dalma tana kashe matatar hayaƙi da na'urorin auna iskar salansa. Abin da ya rage shi ne a sayo man tsere marar dalma a duro a riƙa gaurayawa, a ajiye shi a inuwa a rufe, domin zafi na cinye ƙarfinsa. A lura kuma da cewa motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai suna da ƙarin matatar toka a salansa, wadda ba ta shiri da mai mai yawan sulfa ko baƙin man da ba nata ba. Na 'yan bumburutu kuwa, ko an matsu, gara a bar motar a gida. Famfon man wannan inji kai tsaye yake fesawa cikin silinda da matsi mai yawa, ta ƙofofi ƙanana ƙwarai, ruwa ko yashi kaɗan ya ishe su. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a Legas da Abuja a watan Fabrairun 2022 sun san ba zancen tsoratarwa ba ne.

Tankin lita 64 ne, shan manta a gwajin hukuma wajen lita 13 a kilomita 100. Ko an bi ta a hankali ba za ta kai Abuja da tanki ɗaya ba, kuma babu inda za a ɗora jarkar man da aka haɗa mata.

Tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 10 ne. Wannan adadin ma bai faɗi duka ba, domin haɓar gaba ta miƙo nesa da taya, ita ce ke fara taɓa duk abin da ya taso. Akwai na'urar ɗaga gaba da ake biya daban, tana ƙara 'yan santimita a ƙaramin gudu, kuma duk wanda ya yi odar motar zuwa Najeriya babu ita ya yi kuskuren farko. Da ita ɗin ma sai an san hawa. Tudun rage gudu a karkace ake shigarsa, taya ɗaya ta hau kafin ɗaya, da tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba. Waɗanda hukuma ta yi da ma'auni suna haurawa. Waɗanda mutanen gari suka zuba da kansu bayan mota ta buge yaro, masu tsini kamar kunyar dankali, su ne ke fasa haɓa su yage faifan da ke shimfiɗe a ƙarƙashin motar. Waɗannan faifai ba ado ba ne, su ke tafiyar da iskar ƙasa, kuma idan ɗaya ya tsage gaba da baya ba za su danne daidai ba a babban gudu. Ƙofar gida ma sai an duba: gangaren da ya sauko daga get zuwa titi ta kan kwalbati, wanda Prado ba ta ma san da shi ba, sai an sake zuba shi ya yi tsawo ya kwanta.

Tayoyin gaba 275/35 ne a kan wili mai inci 20, na baya 335/30 a kan inci 21. Tsayin robar da ke tsakanin wili da kwalta bai wuce santimita 10 ba, alhali tayar Hilux mai 265/65 tana da 17. Idan aka faɗa rami mai kaifin baki a gudun 80, robar takan matse har ƙarfe ya sare ta, sai gefen taya ya yi ƙulu ko ya fashe, wilin kuma ya lanƙwashe. Idan wilin magniziyam ne, wanda ake saya don rage kilo 8, ba a buga shi a miƙe, ba a kai shi wurin mai walda. Sai sabo. Irin tayar da take zuwa da ita, kamar Michelin Pilot Sport Cup 2, roba ce mai laushi da zane marar zurfi. Sai ta ɗumama take kama kwalta, kuma kwalta mai tsabta take so. Yashin da iskar hunturu ke shimfiɗawa a kwana yana mayar da ita kamar an zuba ƙwallaye a ƙasa. Da damina kuma faɗin nan na santimita 33 da rabi shi ne matsala: a ruwan da ya kwanta a hanya tayar ba ta iya tsaga shi, sai ta hau kansa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu.

Babu safaya. Abin da ke cikin motar kwalbar ruwan liƙe huji ce da ɗan famfon iska, kuma ba sa maganin yagewar gefe. Ko da an samo taya, cire wilin wani aiki ne. Noti ɗaya ne babba a tsakiya, ana ɗaure shi da ƙarfin murɗawa na Nm 600, ninki huɗu ko biyar na notin motar gida. Yana buƙatar soket ɗinsa na musamman, da doguwar sifana mai ma'auni da ta haura mita, da man shafawa na musamman a kan zaren noti da mazauninsa. Motar tana ɗage ake ɗaurewa, wani na zaune ciki ya taka birki, a ɗaure, a ɗan sassauta, a sake ɗaurewa zuwa ma'auni, sannan a tabbatar ƙaramin makullin tsakiya ya fito ya zauna daidai. Mai faci da ya saba hawa kan sifana da ƙafa, ko ya sa bindigar iska, zai lalata noti da cibiya, kuma wilin da bai ɗauru daidai ba yana iya kwancewa ana cikin gudu. Wanda ya sayi motar sai ya sayi waɗannan kayan aiki, ya koya wa mutum ɗaya, ya hana kowa taɓawa sai shi. Ya kuma ajiye saitin taya guda a ɗaki mai sanyi da duhu, masu alamar N ta amincewar Porsche, yana duba lambobi huɗu na gefensu da ke nuna mako da shekarar ƙira, domin ko ba a hau ba taya na tsufa, kuma bayan shekara shida an gama da ita.

Wajen birki shawara ɗaya ce: a ɗauki na ƙarfe. Faifan gaba milimita 408 ne, na baya 380, sun ishi kowa. Na kabon da tangaran, masu kalifa (abin da ke matse faifan) ruwan ɗorawa, sun fi sauƙin nauyi kuma ba sa baƙanta wili, amma tsakuwa ɗaya da ta maƙale tsakanin faifai da kalifa, ko wili da ya daki gefensa wajen cirewa, ta isa ta ɓantare shi. Ba a gyara shi, kuma kuɗin saitin ya sayi Corolla 'yar Kwatano fiye da ɗaya.

Ƙura ba ta kashe motar nan take, ci take yi a hankali. Matatar iska da littafi ya yi wa lissafin Jamus, a nan sai an duba ta tsakiyar hunturu da ƙarshensa. Lagireton nan guda ɗaya da ke ƙasa-ƙasa a hanci yana tara leda, ƙaiƙayi, fara da ƙananan duwatsu, kuma tunda shi kaɗai ne, idan ya toshe ko dutse ya huda shi babu na biyu da zai rufa masa. A sa masa raga, a riƙa wanke shi da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota mai feshi yana kwantar da siraran haƙoransa. Baƙin mai 0W-40 ne mai amincewar kamfanin, a canza shi duk shekara ko motar ba ta yi tafiya ba, ruwan birki kuma duk shekara biyu. Babu sandar duba baƙin mai, a allo ake gani bayan inji ya yi zafi, kuma cika shi fiye da ƙima illa ne. Batirin na lithium ne, caja irin tasa yake so, kuma motar da ke kwana makonni a rufe dole ta zauna a jone. Da yadda wuta take zuwa tana ɗaukewa, gara a jona cajar a kan inbata ko sola.

Duk abin da ya wuce wannan sai kwamfutar kamfanin mai suna PIWIS da wanda ya iya ta. Porsche ta buɗe cibiyarta a Legas a 2012, kuma daga Birnin Kebbi ta Yawuri, Kontagora, Mokwa da Jebba tafiyar ta haura kilomita 800. Ba hanyar da za a tuƙa RS ba ce. A kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya za ta je ta dawo, da dogayen katakai don rage tsinin hawa, a ɗaure ta ta tayoyi. Wanda ya zarga igiya a hannayen ƙafarta ya ja, ya lanƙwasa abin da aka saita da ma'aunin milimita. Makanikan garin nan da ke kwance injin Toyota su mayar ido rufe ba gazawa suka yi ba, kayan aikin da littafin ne babu a hannunsu, kuma wannan ba injin koyo ba ne.

Yanzu kuɗi. Farashin fitowa a Jamus yuro 229,517 ne, amma da wuya a ga wadda ta fita a haka. Kunshin kayan rage nauyi mai suna Weissach, na'urar ɗaga gaba, fenti na musamman da sauran ƙari suna tura ta sama, kuma da yake masu nema sun fi motocin yawa, dillalai sun riƙa ɗora nasu a kai. Mu ɗauka an same ta a dala 300,000, mu kuma ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi: naira miliyan 450 tun tana can. Sai kwantena, inshorar teku, kuɗin fito da ƙarin harajin motoci da kwastan ke lissafawa da canjin ranar, da VAT na kashi 7.5. Mai hankali zai ware abin da bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba a kai, ya kuma nemi lissafi a rubuce daga wakilin fito mai lasisi kafin mota ta hau jirgi. An haura miliyan 600 ke nan. A kula da inda za a saya: ta Ingila ko Afirka ta Kudu sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma bin hannun dama, kuma ba a yarda da shigo da irin waɗannan ba. Cikakkiyar inshora, bisa ƙa'idar da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa daga Janairun 2023, ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba, wato wajen miliyan 30 duk shekara, kuma takardar inshora ta yau da kullum ba ta biyan abin da ya faru a wajen tsere.

Hujjar da masu sayarwa suka fi kawowa ita ce RS ba ta faɗuwa, ajiya ce. A Turai da Amurka akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi: cikakken tarihin sabis a cibiyar kamfani, fenti na asali da na'ura ta tabbatar, ƙarƙashi marar ƙarzuwa. Mai saye a can idan ya ga shekara uku babu hatimin sabis, ya leƙa ƙasa ya ga haɓa ta sha tudu, zai rage kuɗi ko ya juya. Kuɗin fiton da aka biya a Legas kuma ba ya dawowa idan an sake fitar da ita. A cikin gida masu iya sayenta ba su da yawa, kuma yawancinsu G-Wagen ko Lexus LX suke nema. Mota ce da sai an yi watanni ana cigiyar mai so.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar farashi. Da fiffiken da ya fi rufi tsawo da ƙarar da ake ji daga unguwa uku, babu wanda zai rasa sanin motar wane ce, ina ta kwana, ƙarfe nawa ta fita. A halin tsaron da hanyoyin Zuru da na Zamfara suke ciki, masu hali da yawa sun koma shiga motar da ba a waiwayarta.

To wa ta dace da shi? Mutumin da zai kai ta fage aƙalla sau da dama a shekara, kuma ya yarda ya biya malamin tuƙi kafin ya biya wilin magniziyam. Irin wannan mutum, ko ɗan Gwandu ne ko ɗan Argungu, inda fagen yake can ya kamata motarsa ta zauna: a Dubai kusa da filin tseren Autodrome, a Abu Dabi kusa da na Yas Marina, ko a Jamus, inda fetur mai oktan 98 ke kowane gidan mai, cibiyar sabis na bayan gari, kuma ba a biya kuɗin fito ba. Kuɗin kwastan kaɗai ya isa tikitin jirgi da tayoyi na shekaru. A wannan yanayin farashinta halal ne, domin ƙalilan ne motoci masu lamba da garanti da za su ba shi abin da take bayarwa a kwana. Wanda kuma ɗanɗano kawai yake so, Porsche na da cibiyoyin koyon tuƙi a Leipzig da Hockenheim da Silverstone, inda ake biyan kuɗin yini a hau motar kamfani da malami a gefe, a ƙone tayar da ba taka ba.

Idan kuwa dole sai 911 ta kwana a Birnin Kebbi, Alhaji ya dubi wasu 'yan gidan. Turbo S ta 2020 tana da doki 650, tana ja da ƙafa huɗu, tana kai gudun 100 cikin sakan 2.7, wato a tashi daga tsaye ta bar RS a baya, ga but ga kujerun yara, ga laushin tafiya, ko da yake ita ma mai kyau take sha kuma ƙasa-ƙasa take. Wadda ta fi kama da ƙasarmu ita ce 911 Dakar da aka nuna a ƙarshen 2022, guda 2,500 kacal aka ƙera: doki 480, ƙafa huɗu, tayoyin Pirelli masu ƙarfin gefe da aka yi don tsakuwa da yashi, ƙarfen kariya a ƙarƙashi, kuma idan an ɗaga ta tsakaninta da ƙasa yana kai santimita 19, kusan ninki biyu na RS. Ita ce za ta sauka daga kwalta ta bi hanyar fadama zuwa gonar shinkafa, ta dawo ta haye tudun ƙofar gida kai tsaye ba sai an karkace ba.